Tsohon Hoton Ƙirjin Baba

Ƙofar Taramniya, Sakkwato.

Zuwa ga ƙanena Saifullah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya a can Alƙahira, ya kuma buɗa maka karatu. Mu nan sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi har ta koma faɗanta, Juwairiyya ta yaye yaronta, Gazali kuma ya samu koyarwa a Wamakko, kullum yana bisa babur. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Tun da ka fara karatun hoton asibiti kowa ya zama ɗalibinka.

Maganar Baba ce, ka kwantar da hankalinka ka bi ni a sannu. Ka dai san Dakta Esther, likitar hoto da take bincike a kan huhun dukawa da majema saboda ƙurar fata da rinin da suke shaƙa. Da ita da ɗalibanta suka ɗauki hoton ƙirjin Baba tare da na sauran dukawan layinsu, aka ga tabo a saman huhunsa na dama. Ta yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye: ko dai tsohon tabon tarin fukan da ya yi kana sakandare ne, ko kuwa sabon abu ne da yake girma, wanda sai an soka allura a ƙirji an ɗebo an auna. Abin da zai raba gardama shi ne tsohon hoton da aka yi masa bayan ya gama shan magani. Kai ma haka ka ce, har da yi mini tsawa. Ɗan asibitin Sabon Gari da aka yi hoton kuwa ya daɗe da rufewa, don haka sai wanda ke hannunmu.

Ni da Inna muka birkice ɗaki, ƙarƙashin katifa, cikin adaka, har muka samo babban ambulan ɗin, amma wayam. Baba yana zaune yana jan tasbaha yana kallonmu, sai da muka gaji sannan ya ce ai hoton yana rumfa yana aiki. Ashe tuni ya yayyanka shi! Wai kwali yana laushi in ya sha hannu, ita kuwa wannan baƙar leda ba ta jin ruwa, babu kamarta wajen yin ma'aunin da ake ɗorawa a kan fata a bi gefensa da wuƙa. Ya ce shi bai ga amfanin ajiye hoton ciwon da Allah ya riga ya yaye ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce da ba mahaifina ba ne da na faɗi magana. Ya ce in faɗa mana, ai malama ce ni.

Na tattaro guntayen, mai siffar tauraro, mai siffar ganye, da na marfin jaka, na kai asibiti ina jin kunya. Dakta Esther ko dariya ba ta yi ba. Ta kira ɗalibanta suka kunna allon haske, suka dinga jera guntayen suna bin haƙarƙari, ita tana tambayarsu wannan na wane gefe ne, kuma me ya nuna musu. Ƙirjin Baba ya haɗu, sai wuri guda dogo da ya rage fari fat, daidai inda ake nema. Ta ce in ba a samu wannan ba, ba ta da hujjar hana allura, ta kuma sa mana rana. Wallahi na ji tsoro, na dawo gida na faɗa wa Baba da Inna yadda muka yi.

Washegari Baba ya ce in biyo shi rumfa. Ya buɗe akwatin nan nasa da ba ya bari kowa ya taɓa, ya warware wani tsohon rawani ya miƙo mini guntun, yana kallon titi. Ma'aunin tafin ƙafa ne, kuma naka ne, na takalman da ya ɗinka maka da za ka tafi. Ya ɓoye shi ne don tsoron kada likitoci su riƙe. Ka san Baba da kunya, ko sunanka ba ya son a ji a bakinsa sau biyu.

Dakta ta ɗora shi ya zauna daram. Tabon yana nan wajen duddugenka, girmansa ɗaya da na sabon hoton, bai ƙaru ba. Ta fasa allura, ta ce dai mu dawo bayan wasu watanni a sake dubawa. Alhamdulillahi. Sai ta roƙi Baba ya bar mata guntayen ta riƙa koya wa ɗalibai amfanin tsohon hoto. Ya bar mata duka ban da naka, dole ta ɗauki hoton guntun ta mayar masa da abinsa. Abin da ya ce mata ke nan: "Wanga ba ni ba da shi, sai mai ƙahwar ya taho in sake auna ta."

To, ka dai ji. Hutu nawa ke nan kana cewa bincike ya riƙe ka? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ka san yadda za ka yi da malamanka ka zo wannan hutun.

Inna, Juwairiyya da Gazali suna gaishe ka. Ka gaishe mana da Kawu Jelani da Gwaggo Dije da yaransu. Baba bai ce in gaishe ka ba, amma jiya ya sayo jar fata mai kyau ya ajiye, kuma ya hana kowa taɓa ta.

Yayarka,
Rahma