Sunan da Mama Take Jira

Nagasaki, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Kawu Dahalan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gida duka a Kuala Kangsar. Allah ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan. Mu nan alhamdu lillahi, maigidana Noboru yana gaishe ka, yara suna makaranta. Jikin ƙanwarka Mama ne ya ƙi daɗi, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ka san tun bara rikicin tsufa ya sa muka kai ta gidan kula da tsofaffi. A can kowane faranti da katin sunan mai shi. Nata an rubuta Sumire, sunan da uwar mijinta ta laƙaba mata ranar da ta iso ƙasar nan, wai tunda sunanta Kenanga fure ne a wajenku, ga wani furen da bakinta zai iya faɗa. Shekara arba'in da shida Mama tana amsawa, ba ta taɓa ƙorafi ba. Yau sati uku ke nan, da an ajiye abinci sai ta dubi katin ta ture, ta ce na wata ne, ita ba a koya mata cin rabon mutane ba. Na sa aka rubuta Kenanga, ta ce shi ma na aro ne. Na dafa mata shinkafa da madarar kwakwa yadda take so, ta shinshina, ta yi murmushi, ta ce in rufe abincin kada mai shi ta zo ta tarar ya huce.

Sai na tuna ta taɓa gaya mini tana jaririya ta yi ta ciwo, dattawa suka ce sunanta ne ya yi mata nauyi, aka sauke shi aka sa Kenanga. Ban tambaye ta na farkon ba, ina ganin akwai lokaci. Da na sani ƙeya ce, Kawu. Na birkice takardunta kaf, babu shi. Likita ya ce in aka ƙara sati biyu a haka, sai dai a sa mata robar abinci ta hanci. Wallahi dabara ta ƙare mini.

Kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka ji an kira sunan. Na san shekararka biyar lokacin, amma ko rabinsa ka tuna ka aiko mini.

A gaishe da Inna Zaitun da Yaya Hafizuddin da matarsa Suraya, a sa mu cikin addu'a. Jiya da zan tafi Mama ta riƙe hannuna, ta tambaye ni a hankali ko an kusa kiranta, wai yunwa take ji.

'Yarka,
Mizuho