Lasisin Gidan Tsofaffin Malam Mamuda

Yelwa, 20 ga Fabrairu, 1992

Zuwa ga Yaya Sa'adatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya mutanen Shanga?

Kin ce a zaman makoki ban yi miki magana ba. Ga ta a takarda. Ranar da aka ce jirgin ruwan Warra ya bugi kututture ya kife, ban yarda maigidana Malam Mamuda ya rasu ba. Kwana tara ina ajiye masa tuwo. Ko da masunta suka samo gawa ban gane shi ba, ruwa ya sauya shi. Sai da aka miƙo mini jakarsa, na ga littafin da yake karatun jarrabawar lasisi da shi ya kumbura, jan biron da yake ja wa layi ya narke a takarda. A nan na yarda shi ne.

Kin san tsofaffi bakwai ya bar mini, waɗanda ruwan Kainji ya cinye garuruwansu kuma ba su da mai riƙe su. Tun da aka yanke Kebbi daga Sakkwato aka ce sai mai lasisi zai shugabanci gida irin namu. Malam Jabiru na ofishin jin daɗin jama'a ya zo ta'aziyya, ya ce zai sa sunana cikin masu jarrabawar lasisin a madadin na Malam, tun da shekara goma sha ɗaya ina aikin. In ban samu ba za a rufe gidan.

Ki gaida Inna, ki ce ta sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Zulai'atu

Yelwa, 9 ga Afrilu, 1992

Yaya Sa'adatu,

Barka da salla, da fatan an sha ruwa lafiya. Na ga shinkafar da kika aiko, Allah ya saka.

Na shanya littafin shafi shafi, rabinsa yana karantuwa. Turancinsa ya fi ƙarfin firamarena. Amma da Malam Jabiru ya fassara mini, na ga abin da hannuna ya sani ne: juya wanda ba ya tashi don kada bayansa ya yi gyambo, raba kwanon mai tari, ajiye bokitin yashi saboda gobara. Baba Dogo, tsohon masunci, shi ke yi mini tambayoyi, in na yi kuskure ya buga sanda a ƙasa. Dudu makauniya kuwa kullum sai ta ce Mamuda ya daɗe a Warra. Mun gaya mata sau uku, tana mantawa.

Ga damuwata. An sa jarrabawar sha biyar ga Yuni a Birnin Kebbi, kwana biyu ake yi, dole a kwana can. Ni kuwa mai takaba ba ta kwana a wani gida. Kullum ina jefa tsakuwa ɗaya a ƙwarya, kuma na lissafa, saura kwana huɗu in fita za a yi ta. Na roƙa a ɗaga, an ce ta jiha ce gaba ɗaya. Yaya, ba zan iya yanke masa kwana huɗun nan ba. Su ne abu na ƙarshe da zan yi masa.

Taki,
Zulai'atu

Yelwa, 28 ga Yuni, 1992

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Mu nan sai godiya.

Ban je ba. Ranar da na fita takaba liman ya zo addu'a, ya tambayi ranar da jirgin ya kife. Ya ƙirga da yatsunsa. Sannan ya gaya mini daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, ba daga ranar jana'iza ba. Ashe tun jajibirin babbar salla na gama, kwana biyar kafin jarrabawa. Matan unguwa daga jana'iza suka ƙirga sadakar uku da ta arba'in, ni ma na bi su. Ban tambayi kowa ba, don a wurina kwana taran nan yana da rai.

Takardar rufe gida ta zo Litinin. Malam Jabiru ya kasa kallona. Ya ce sai baɗi za a sake jarrabawa, kuma ba a hana ni rubuta ta ba. An kai Baba Dogo Ngaski wurin wani jikan ɗan'uwansa da bai taɓa gani ba. Ya bar mini sandarsa, ya ce in riƙa buga ta a ƙasa da kaina in na yi kuskure. Biyar sun watse cikin gidajen mutane. Ba na jin duka za su kai baɗi.

Saura Dudu. Jibi motar asibiti za ta zo ɗaukarta. Na wanke kayanta na ɗaure, na ɓoye ƙunshin a ɗakina. Tana zaune a zaure tana jiran Mamuda, kuma har yanzu ban gaya mata za ta tafi ba.

Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Zulai'atu