Barewar da Ba Ta da Gari

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta durƙuso irin ta ɗa ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Damina biyu ke nan da rasuwarki. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, shi ya sa na sa ta a shafina, inda mutanen da suka daɗe suna yaba hotunana za su karanta. Ya kamata su san akwai wadda ba ta taɓa yabawa ba, kuma ita ce mai gaskiya.

Kin tuna shekarar da na sayi kyamara da dogon gilashin nan mai janyo nesa kusa. Ina koyarwa a Yelwa, duk Juma'a da yamma in hau babur in zo Wara in kwana a gidanki. Da sassafe, ko kunu ban tsaya sha ba, in gangara fadamar bayan gari, inda jar barewar nan da ake kira mariya ke saukowa shan ruwa. In kwanta rub da ciki a ciyawa, cinnaku na cizona, ina jiran ta ɗaga kai.

Ido kawai nake nema. Masu sana'ar sun koya mana cewa hoton dabba yana kyau ne in idon ya fito tar, gashin ido ya rabu ɗaya-ɗaya, duk abin da ke baya kuma ya dushe kamar an goge shi da tsumma. Na kuwa iya, ba yabon kai ba. Akwai hoton da ƙuda ya sauka a kunnenta, har fikafikansa ana gani. Akwai na namijin, ɗigon ruwa rataye a haɓarsa, hantsi ya bugi ƙahonsa.

Ranar da na kawo miki na farko kina bakin murhun bandar kifi, hayaƙi ya sa idonki ja. Kika goge hannu a zane, kika miƙa hoton nesa, kika dawo da shi kusa, har bayansa kika duba. Sai kika ce, “Ina sauranta? Wagga barewa ba ta da gari? Kai ɗai kak kawo, kamar na teburin mahauta.”

Matan da ke taya ki fere kifi suka kwashe da dariya. Ni ban yi dariya ba. Na tsaya ina miki bayanin haske da tazara kamar ina gaban allo, kina ta juya kifinki. Na ji haushi ƙwarai, Inna, yau na faɗa.

Shekara takwas ina kawowa, shekara takwas kina kushewa. Ke ba ki gaji ba, ni ban sauya ba. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, taurin kan nan a gida na same shi. Kullum maganarki ɗaya: “Ja baya kaɗan, Auta. Wanda yam matsa ma abu ƙwarai ba shi ganinai.”

To, ga abin da ya faru bayanki. Wani mutum ya zo da takardu, zai kewaye fadamar da waya ya noma shinkafa. Takardarsa ta ce fili ne kawai, ba mai amfani da shi. Ƙaninki, Kawu Bawa, da dattawan unguwa suka ce ba su yarda ba, nan shanu ke sha, nan mata ke yankan kaba. Aka ce musu in har za su nuna shaidar cewa namun daji na zuwa wurin, za a sake duba maganar. Kawu ya hau mota da kansa har Yelwa, da ƙafarsa mai ciwo, yana faɗa wa kowa a tasha cewa ɗan yayarsa na da shaida cike da akwati.

Jami'in da aka turo mutumin kirki ne, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya yaba, har ya tambayi irin gilashin da nake aiki da shi. Sannan ya tambaye ni wanne ne a ciki ya nuna cewa a nan aka ɗauka, tunda irinsu ana iya ɗauka a kowane gandun daji, ko ma a gidan ajiye namun daji a birni. Na sake duba su, babu ko ɗaya. Kawu ya tattara hotunan a hankali ya mayar cikin akwatin, bai dube ni ba.

Na koma gida na buɗe duk abin da na taɓa ɗauka. Giginyu ukun da kowa ya san fadamar da su, kore-kore ne kawai a bayan kunnen barewa. Dutsen da masunta ke shanya taru a kai, wani duhu ne a gefe. Har idon barewar na ƙara wa girma a kwamfuta, ko zan ga inuwar giginya a ciki. Ɗigon haske kawai na samu. Ni da hannuna na goge wurin, kuma saboda gogewar ake yabona.

A nan ne na tuna wata magana da kika taɓa yi, wadda na ɗauka ba ta shafe ni ba. Kina yarinya ruwan madatsa ya cinye gungunku, tsibirin da aka haife ki. Kika ce, “Da ma wani ya ɗauke shi, ko daga nesa, in nuna maku inda munka tashi.” Ashe duk kushen nan abin da kike faɗa mini ke nan. Mutanenku ba su da kyamara, Inna. Ni ina da ita, na kuma san labarinki, na kwanta a wurin shekara takwas ina ƙirga gashin ido. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na cire dogon gilashin, na koma safiya biyar a jere, na tsaya can nesa. Yanzu komai ya fito: giginyun, dutsen, tafki a baya, da turakun siminti da aka fara kafawa. Barewa ce babu. Tun da ma'aikata suka fara zuwa ta daina saukowa.

Kawu bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Jiya ya aiko cewa za a sake zama ranar Alhamis, in zo, amma in bar akwatin a gida. Tsofaffin maharba biyu za su tsaya su faɗi abin da idonsu ya gani, ni ne na uku. Zan tsaya in ba da shaida da baki, kamar wanda bai taɓa riƙe kyamara ba. Ban sani ba ko za a yarda da mu.

Ki yafe mini, Innata. Na yi kewarki, har kushenki na yi kewa.

Allah Ya jiƙanki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ni kuma Ya sa maganata ta yi nauyi ranar Alhamis. Amin.

Naki har kullum,
Auta