Keken Malam a Bakin Kanal

Asabar, 6 ga Oktoba 1984

Barnaba ƙanena ya dawo daga Faransa jiya. Wata shida ya yi can yana koyon aikin ban ruwa. Ya yi ƙiba, mu kuwa ya iske mu kamar karan dawa.

Na zaci labarin jirgi da benaye zai ba mu, sai ya cika mu da labarin keke. Wai a ƙauyukansu akwai hanyoyi a bakin kanal, wato hanyar ruwa da aka haƙa, inda da can dawaki ke jan jiragen ruwa, yanzu sai masu keke da masu ƙafa. Mota ba ta shiga. Itatuwa dama da hagu, inuwa tun safe har marece. Ya ari keke ya yi ta bin ƙauyuka, har ya ga wata tsohuwa da ta girmi mahaifiyarmu tana tuƙi da burodi a kwando.

Atika maƙwabciyata ta ce, "Ƙasar da aka ware ma keke hanya, ai sun ƙoshi."

Kowa ya yi dariya ban da ni. Keken Malam Irmiya na rataye a ɗakin ajiya tun ranar da kamiyo, babbar motar kaya, ya buge shi a kwaltar Jiratawa, bara waccan. Keken, ƙafar gaba kawai ta lanƙwashe. Mijina ne bai tashi ba.

Alhamis, 18 ga Oktoba

Gero bai yi ba ko'ina. A Tibiri Inna, uwar Malam, ko iri ba ta maida ba. Iyaka da Najeriya a rufe, yadi ya yi wuya, keken ɗinkina ya yi sati bai motsa ba. Wa ke ɗinki da yunwa?

Rediyo kullum magana ɗaya: sojoji sun ce kowa ya kama noman rani. Jibo na koperatib, ƙungiyar da ke raba filayen ban ruwa, ya zo har gida. Filin Malam na Jiratawa, wanda ke noma mani shi ya tafi ci-rani. Ya ce, "Saloma, ba son raina ba ne. Filin da ba a aiki, wani za a ba."

Na ce zan yi da kaina. Bakina ya faɗa kafin in yi tunani.

Talata, 23 ga Oktoba

Na je Jiratawa da ƙafa. Duk kamiyon da ya taho sai in faɗa cikin ƙaya in tsaya har ya wuce. A shinge jandarma ya tambaye ni inda za ni, kamar na yi sata. Na isa rana ta take, lokacin ruwan ɓangarenmu ya wuce.

Ba zan iya wannan kullum ba.

Asabar, 27 ga Oktoba

Barnaba ya shigo da ƙura har gira. Ashe kwana biyun nan yawo yake yi da kekenshi yana neman hanya. Ya zana mani a ƙasa da tsinke: daga bayan unguwar Zariya a gangara, a bi burtalin shanu, a ratsa ƙarƙashin mangwarorin bakin Gulbi, sai ga gindin babban kanal. Daga nan ƙasa a daddaɓe take har filina. Kwalta sau ɗaya za a tsallaka, nan cikin gari.

"Yaya, mu ma muna da kanal. Inuwar ce dai ba ta kai tasu ba."

Na ce da wane keken?

Ya kalli ƙofar ɗakin ajiya.

Na ce mashi ya fita. Ya fita.

Litinin, 29 ga Oktoba

Hatsin da ya rage ba zai kai ni da yara Kirsimeti ba. Na sauke keken da hannuna. Na share shi. Daga nan ban iya komai ba sai zama.

Lahadi, 4 ga Nuwamba

An gyara ƙafar. Bayan sujada muka je bakin kanal, Barnaba na riƙe da bayan sirdi. Zane ya shiga sarƙa, na faɗi. Na tashi, na sake faɗuwa, wannan karon cikin albasar mutane. Mai albasar dattijo ne, ya ɗaga ni yana cewa, "Sannu ɗiyata, ba a koyo a tsaye."

Gwiwa ta kumbura. Na ɗinka wando mai faɗi na sa ƙarƙashin zane. Ga amfanin keken ɗinkin.

Talata, 13 ga Nuwamba

Barnaba ya saki sirdin ban sani ba. Ina ta yi mashi magana, ashe yana can baya yana riƙe da ƙugu.

Laraba, 21 ga Nuwamba

Ni kaɗai nake zuwa yanzu. Yashin burtali mugu ne, dole in sauka in tura. A nan nake gamuwa da mutanen arewa da fari ya koro, sun kafa bukkokin tabarma, ba shanu sai igiyoyinsu. Wata mata Tsahara kullum tana zaune a wuri ɗaya. Jiya ta tashi ta kama mani turi. Yau ta bi ni har fili, muka yi dashen kabeji tare. Hannunta ya fi nawa sauri. Mun yi magana: in ya yi, da rabonta.

Ganyen salati ya fito. Kore. Na manta rabon da in ga kore haka.

Lahadi, 9 ga Disamba

Magana ta kai Tibiri. A majami'a wata ta ja ni gefe, wai an gaya ma Inna ana ganin matar ɗanta bisa keken da ya mutu a kai, tana yawo cikin daji da wando. Inna ta aiko: in zo Kirsimeti, in zo da keken.

Atika ta ce in kai mata abinta a mota in ba da haƙuri. To in ta riƙe shi fa? Filin ya tafi ke nan, da kabejin, da rabon Tsahara. In kuma na ƙi kai shi, da wane ido zan dube ta? Ita ta haife shi. Ni shekara goma sha huɗu kawai na samu.

Laraba, 26 ga Disamba

Jiya. Bari in rubuta kafin ya gushe.

Ban shiga mota ba. Barnaba ya san wata hanyar ƙafa ta cikin gonaki, muka bi ta da sassafe, shi gaba ni baya, kwandon salati da ganyen wake ɗaure a bayana. Gonakin fayau, ko kara babu. Amma tafiyar ta yi daɗi, Allah ya gafarta mani, ga inda za ni ga abin da ke jirana.

A ƙofar gida na sauka na tura. Inna na zaune bisa tabarma. Ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa, idonta na kan keken. Ta miƙe da ƙyar ta zagaya shi. Ta shafa sirdin. Sai ta danna ƙararrawa.

Ta ce, "Tun daga bakin rijiya Irmiya ke fara buga ta, don in ɗora ruwa."

Hawaye na zuba, ban share ba.

"An ce kin faɗi."

"Na faɗi, Inna."

"Shi ma ya sha faɗuwa. A tsakar gidan nan." Ta matsa tayar baya da yatsa. "Ba iska. Bai taɓa barin ta haka ba. Barnaba, ba ka da famfo ne?"

Shi ke nan abin da ta ce game da keken. Ta kwance kwandon, ta daɗe tana kallon ganyen, ta aika aka kira maƙwabta. Aka yi kwaɗo da ƙuli, kowa ya samu loma. Da za mu tafi ta raka mu har bakin rijiya. Ta ce in na sake zuwa in buga daga nan.

Asabar, 12 ga Janairu 1985

Kabeji ya naɗe. Jibo ya zagayo ya duba, ya gyaɗa kai ya wuce. Tsahara ta kai kwandon farko kasuwa, ta dawo da dawa, muka raba. Atika ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wandon nan yana da wuyar ɗinki. Wai ba don ita ba.

Lahadi, 20 ga Janairu

Yau ba ranar ruwanmu ba ce. Bayan sujada na ce ma yara zan je in duba tumatir.

Na iso filin. Tumatir lafiya lau, daga bisa keke ma ana gani. Ban dai sauka ba. Na bi kanal na wuce gonakin alkama, na wuce gidan injin, har inda simintin ya ƙare, inda ban taɓa zuwa ba. Akwai wata gangara can. Na ɗauke ƙafafuna daga feda.

Na koma sama na sake.

Da na dawo Atika ta ce na daɗe, yaya tumatir? Na ce yana son kulawa.