Molon Labe a Filin Al-Naseem

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Mun kai wasan ƙarshe na gasar ƙwallon 'yan ci-rani a nan ƙasar Larabawa! Mu da 'yan Sudan na unguwar Al-Oud. Tun bara kofin yana kan firjin ɗakinmu. Kyaftin ɗinsu ya aiko wa Salissou, kyaftin ɗinmu, saƙon murya, wai mu goge shi tas mu kawo musu cikin mutunci. Mu, 'yan Maraɗi da Damagaram!

Gwiwata ta dama tana ɗan ciwo. Ba komai.

Talata, 6 ga Fabrairu

A hanyar wurin gini na ba Injiniya Manolis labarin. Tun da na fara tuƙa wannan Bagirke ban taɓa ganin ya yi dariya har da dukan kujera ba sai yau. Da ɗan Larabcinsa mai ɗingishi ya ce, "Ghali, ka ce musu molon labe."

Wai a zamanin da sarkin Farisa ya taso da runduna ba iyaka, ya tarar da sarkin Sparta da 'yan mutanensa sun tare wata mashiga tsakanin dutse da teku. Ya aika musu su miƙa makamai. Amsa kalma biyu kacal. Molon, in ka iso. Labe, ɗauka. Wato zo ka ɗauka!

Saura kaɗan in wuce kwanar da za mu shiga.

Laraba, 7 ga Fabrairu

Na kai wa samari maganar. Salissou ya faɗi ƙasa don dariya: "Molon laɓe? Wato molon da ake kaɗa wa matsorata in sun laɓe bayan ƙofa?" Na ce ba laɓe ba ne, labe! Ina, sun riga sun kama. Duk da haka Salissou ya aika wa Basudanen. Har yanzu shiru.

Juma'a, 9 ga Fabrairu

Atisaye bayan La'asar. Ƙwallo biyu masu sauƙi sun wuce ni. Malam Mukhtari, kocinmu, ya ce ko za a gwada Hamissou a raga ranar wasan. Hamissou da ya zo bara-bara nan, yana sauke kwalayen tumatir a kasuwar Aziziya. Ni da na tsare ragar nan tun ba mu da riguna iri ɗaya!

Na ɗaga safar hannuna sama na ce, "Molon labe." Kowa ya yi dariya, ban da Hamissou. Ya ce, "Yaya Ghali, ni ban nema ba."

Na san bai nema ba. Shi ne abin haushin.

Litinin, 12 ga Fabrairu

Injiniya ya sa ni a gaba cikin cunkoson motoci, kan yadda nake furta molon labe. Wai su Girkawan yau ba "b" suke yi ba, wani sauti ne tsakanin "b" da "f", haƙoran sama a kan leɓen ƙasa, kuma a ƙarshen kowace kalma ake danna murya. Na gwada, sai "lafe" ke fitowa. Daga laɓewa zuwa lafewa! Ya ce mutanen da kam da "b" suke faɗa, su ja "o" na biyu: moloon labe. Na ce shi ke nan, ni da mutanen da nake.

Sai na tambaye shi da ci nawa mutanen Sparta suka ci yaƙin. Ya dubi taga. "Kashe su aka yi. Amma tsayuwarsu ta ba na baya lokaci."

Wannan ban gaya wa samari ba.

Alhamis, 15 ga Fabrairu

Gwiwa ta kumbura. Matata Mariamou ta kira daga gida, ta ga ƙanƙara a kai ta bidiyo. Ta ce, "Baban Safiyatu, da wannan ƙafar fa kake taka birki. In ta tafi, aiki ya tafi, takardar iƙama ta zaman ƙasa ta bi shi." Na ce mata cizon sauro ne.

Gobe! Ko shinkafa ta kasa shiga.

Juma'a, 16 ga Fabrairu

KOFI YANA NAN!

Filin Al-Naseem ya cika, har Injiniya ya zo da malafarsa. Kafin hutu na tare biyu, ɗaya ma da yatsu na kauce da ita. A ta uku na faɗi, gwiwa ta ce ƙas. Na miƙe. Malam Mukhtari yana kallona, da na ce zan iya, da ya bar ni. Na taka ƙafar sau ɗaya, na ji abin da na ji. Na ƙwala wa Hamissou kira da kaina, na cire safar na miƙa masa. Safar ta yi masa ɗan yawa.

Ɗaya da ɗaya aka tashi, sai fenareti. Hamissou ya tare ta huɗu! Mutanenmu suka ɓarke da "Molon laɓe! Molon laɓe!" da ɓ ɗinsu ƙato, Injiniya yana tsakiyarsu yana faɗa yadda suke faɗa. Kyaftin ɗin Sudan ya zo ya rungume Salissou, yana tambaya wai me kalmar take nufi.

Muryata ta dushe.

Lahadi, 18 ga Fabrairu

Na yi tuƙi lafiya, birki yana takuwa. Likita ya ce hutu. Malam Mukhtari ya tambaye ni batun baɗi, na ce a bari ƙafa ta warke tukuna, ai ban ce na daina ba.

Hamissou yana saurin faɗawa hagu tun ba a buga ba. Dole wani ya gaya masa. Na ce ya zo fili ranar Talata da wuri, kafin sauran.

Na biya kasuwar Batha na sayi usur. Ganinsa kawai na yi a rataye.