Fiton Madubin Motarka

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san babu mai kai maka wannan takarda, kuma ba za ka taɓa karanta ta ba. To da wa zan yi maganar? Gidan nan ya yi mini faɗi, Malam.

Na fita takaba. Mutanen unguwarmu ta Minanata sun yi mana kara, Allah Ya saka musu. Mahaifiyarka Inna tana Wamakko, ƙafa ta matsa mata, amma bakin nan nata yana nan daram. Babban labarin dai shi ne autarka Balkisu ta kashe fiton motarka.

Ka tuna ranar da ya fara? Muna hanyar Wamakko, mota ta ɗauki gudu, sai madubin gefena ya soma wani siririn fito kamar buta a kan wuta. Ni ko a jikina. Kai kuwa, malamin koyar da gyaran mota, ka ɗauke shi cin fuska. Bakanike ya duba bai ga komai ba. Ka ce ai iska ba a kama ta a tsaye, sai a guje.

Daga nan ka fitar da motar waje ƙarƙashin dogon yaro, ka mai da garejin wurin gina bututun iskarka. Dogon akwati na kwanon rufi, ƙatuwar fanka a ƙarshensa, da tagar gilashi a gefe. Ka cika bakinsa da tsinken shan lemo, wai don iska ta shiga a miƙe. Ka ce manyan kamfanoni suna da irinsa wanda mota sukutum take shiga, a hura mata iska, a saurari inda take kuka. Naka dai madubi kawai yake ɗauka. Maƙwabta suka yi ta leƙe, wasu sun zaci gidan kaji za ka buɗe.

Zaren saƙata ka ƙarar kana liƙa wa madubi don ka ga inda iska take karkata. Da zare bai ishe ka ba, ka koma wa turaren wutata. Bayan la'asar sai ka kira ni in riƙe kasko a bakin bututun, hayaƙi ya bi ciki, kai kana tsugune a tagar gilashi kana kallon yadda yake naɗewa a bayan madubin. Turaren da na tanada don ɗaki, a gareji ya ƙare. Na yi mita, na yi ƙorafi, har ƙararka na kai wa Inna, ta ce in bar ka, ubanka ma haka ya yi da injin ban-ruwa.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Ban so ka gano inda fiton nan yake fitowa ba, ko sau ɗaya. Kai ba mai magana ba ne. Shekarun da muka yi tare, hirarka ba ta wuce sannu da aiki da ina yara. Amma da zarar madubin nan ya yi fito sai bakinka ya buɗe, ka yi ta yi mini bayanin iska tun daga Sakkwato har ƙofar gidan Inna. Ban fahimci rabi ba. Muryarka nake saurare. Duk ranar da ka fito daga gareji fuska a murtuke ka ce yau ma ya ɓuya, ina ba ka haƙuri da baki, zuciyata kuwa fari tas. Ka taɓa lura?

Bayan rasuwarka na rufe garejin. Da Balkisu ta dawo hutu daga jami'a sai ta karɓi makulli. Ranar da na ji fankar nan ta tashi, ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, saura kaɗan in ɗauki kasko. Ba ta kira ni ba. Turaren tsinke ta sayo, ta kafe shi da kanta. Cikin 'yan kwanaki ta gano wata 'yar tsaga a ƙarƙashin wuyan madubin, alhali kai samansa ka yi ta dubawa. Ta toshe da guntun roba, ta mai da madubin jikin mota. Ta shigo ɗakina tana dariya tana hawaye, wai ta ƙarasa wa Baba aikinsa. Ɗan na gada ya fi ɗan na koya. Na rungume ta na sa mata albarka, kuma har zuciyata na sa.

Ranar Juma'a ta tuƙa ni zuwa gaida Inna. Muka fita daga gari, mota ta ɗauki gudu, na kasa kunne. Shiru. Ta waiwayo tana jiran in yaba, na yaba. Malam, ko ranar da aka fita da kai ban ji rashinka kamar a cikin motar nan ba.

Na san inda robar take. Farce ɗaya zai ɓamɓare ta, na ma tsaya a gabanta jiya da safe har na miƙa hannu. Amma yaya zan yi da fuskar yarinyar nan? Abin da ya rage mata na ubanta ke nan, ta gama abin da ya fara. Na janye hannuna, kuma ba zan ƙara miƙawa ba.

Abin da nake yi yanzu, in mun hau hanya sai in sauke gilashina kaɗan, in ce mata sanyin motar yana sa ni mura. Iska takan shigo ta yi ɗan fitonta. Ba shi ba ne. Wannan ya fi kauri, kuma babu mai yi mini bayaninsa.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa fuskokinmu a gidan da ba a rabuwa.

Ni ce taka,
mai riƙe maka kasko.