Hannun da ya zaunar da ni a tsibirin Man

Zuwa ga Yaya Rowland,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Glenys da yara a can Tasmaniya. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali. Mu ma nan Kendal kalau muke. Ciwon bayan maigidana Alwyn ya yi sauƙi har ya koma lambunsa, 'yarmu Tamsin kuma ta fara koyarwa, kullum sai ta dawo da muryarta a dishe.

Makon jiya muka dawo daga tsibirin Man, ni da ƙawayena Dilys da Voirrey da muke yawon ƙafa tare duk shekara. Na tafi da wani littafin labari a kan mutanenmu 'yan Kweka na da, wato magabatan ɗarikarmu ta Kirista, zamanin da ake kulle su don sun ƙi yin rantsuwa. A ciki akwai wata mata da aka jefa a jirgin ruwa aka kore ta, 'ya'yanta na tsaye a gaɓa suna kallo. Matar nan ta ƙi fita daga raina. Dilys ta yi ta yi mini tsiya, wai hutu na zo ko zaman makoki, wai matattu na cika jakata da su shi ya sa nake nishi a hawa.

Voirrey 'yar tsibirin ce, ita ta kai mu wata tsohuwar maƙabartar 'yan Kweka a kan tudu. Katangar dutse ce gajera, sai ciyawa, sai iska. A nan muka ci burodi da cuku muka sha shayi. Muna saukowa ta hanyar da ta bi bakin teku, hazo ya rufe mu, ko takalmina ba na gani sosai. Voirrey da ke cika baki ta san hanyar kamar yunwar cikinta ta ce kowa ya zauna inda yake. Muka zauna, ba mai magana, sai ƙarar ruwa a can ƙasa.

Shirun nan ya mayar da ni zaman ibadarmu na Lahadi muna yara, wanda ake yin sa shiru. Ka tuna yadda Mama kan ɗora hannu a gwiwata idan na fara mutsu-mutsu? To, can cikin hazon sai na ga kamar hanya ta buɗe a gabana, na yunƙura zan tashi. Yaya, hannu ne ya danne gwiwata, da ɗuminsa da nauyinsa. Na ɗauka Dilys ce, na koma na zauna. Da hazon ya yaye, sai ga su biyun can nesa da ni, sun takure a jikin wani dutse. Inda na ɗauka hanya ce kuwa, ƙasa ta ƙare, sai teku. Ban gaya musu ba.

Da na dawo na je wurin Mama a gidan kula da tsofaffi. Ka san tun bazara ba ta ce uffan ba, ba ta kuma gane kowa. Ina zama ta dube ni tsaf ta ce, “Ke dai Hester, ba kya iya zama wuri ɗaya.” Can kuma ta waiwaya ta tambayi ina kake, wai an fara taron ibada kujerarka ba kowa. Daga nan ta sake yin shiru, har yau.

Ban ce lallai ka yarda da abin da na ji a gwiwata ba, ni kaina ina ta juya shi. Amma da bakinta ta kira sunanka. Na san hanya da nisa, na kuma san ba ka son ganinta haka. Duk da haka ka zo, kada ka jira Kirsimeti, don ban ga alamar za ta jira ba.

Ka gaishe mini da Glenys, da Tobias, da 'yar lelena Edie. Alwyn da Tamsin suna gaishe ku ƙwarai. Na riga na gyara maka ɗaki.

Ƙanwarka,
Hester